Inshorar da na saya don biza, ba don Baba ba

Har yau takardar tana cikin jakar da nake ajiye fasfo. Shafi 11 gare ta. Na farkon kaɗai na buga na haɗa da takardun neman biza, shi kaɗai kuma na karanta. Abin da ya kwashe mini kuɗi yana shafi na 7, kuma ban san da zamansa ba sai da aka turo mini shi ta imel, an ja masa layi a ƙasa.

Ƙanena ne ya gama karatu a Jamus, ya dage sai Baba ya je ya ga inda ya yi shekarun nan. Ni aka ɗora wa rakiya da duk wata ɗawainiyar takardu. Wanda ya taɓa neman bizar Shengen, wato bizar da ake shiga Jamus da wasu ƙasashen Turai da ita, ya san yadda jerin takardun yake, ya kuma san inshorar lafiya can ƙasa take zuwa, bayan mutum ya gaji da bayanan banki da takardar gayyata. Sharuɗɗanta kam na haddace su kamar mai shirin jarrabawa. Dokar biza ta Tarayyar Turai, wadda aka yi a 2009, ta faɗe su a sashe na 15: kada abin da inshorar za ta iya biya ya gaza Yuro 30,000, ta yi aiki a dukkan ƙasashen Shengen, ta rufe duk kwanakin da mutum zai yi, ta ɗauki nauyin jinyar gaggawa da kwanciya asibiti, da mayar da mutum gida in ciwo ya tsananta, ko mayar da gawarsa in ta Allah ta kasance.

Da na je wajen ejan mai sayar da inshora, tambaya ɗaya ya yi mini: "Ta biza ce ko?" Na ce eh, wadda ta fi sauƙi. Minti goma bai cika ba ya miƙo mini biyu, tawa da ta Baba. Bai tambaye ni lafiyar Baba ba, ni ma ban ga dalilin da zan kawo maganar ba. A raina wannan takarda ba ta da bambanci da hoton fasfo, abu ne da ake nema a fayil, ka kawo a wuce wajen. Kuma ta yi aikin da na saye ta dominsa, biza ta fito.

Baba ya shekara 12 yana shan maganin hawan jini. Kowa a gidanmu ya sani, har mun daina ganin abin a matsayin ciwo. Abin da ban sani ba shi ne, kati ɗaya na ƙwayoyin ya taho da shi, da ya ga sun kusa ƙarewa sai ya fara tattalinsu, yau ya sha, gobe ya tsallake. Sai ranar Asabar ya faɗa mana, bayan ya yi kwana uku bai sha ko ɗaya ba. Ƙanena ya ruga kantin magani da ragowar katin a hannu, aka ce masa irin wannan ba a sayar da shi sai da takardar likita. Muka ce to Litinin da safe sai a kai shi asibiti.

Bai kai Litinin ba. Daren Lahadi ya tashe mu da ciwon kai, da amai, yana cewa ƙirjinsa ya yi nauyi, idonsa na ganin dishi-dishi. Ƙanena ya kira 112, lambar agajin gaggawa.

A nan dole in faɗi gaskiya, duk da haushin da nake ji. Aikin da aka yi wa Baba a daren nan ban taɓa ganin irinsa ba. Kafin mu gama sa masa riga motar asibiti ta iso, tun a ɗaki suka maƙala masa na'urar auna bugun zuciya, suka sa masa allurar ruwa. A sashen gaggawa ba wanda ya fara zuwa ake fara gani ba, wanda ya fi shiga haɗari ne. Mun tarar da wani da hannu a naɗe yana jira, aka wuce da Baba ta gabansa, da na fito bayan awa biyu yana nan zaune inda muka bar shi. Babu wanda ya ce mu ajiye kuɗi kafin a taɓa shi. Sun ɗauki hoton fasfonsa da shafin inshorar nan, suka ba ni wata takarda da Jamusanci na sa hannu, ko kallonta ban yi ba.

Likitar da ta duba shi, Baba take kallo tana magana, ba mu ba, ƙanena na fassarawa. Ta tambaya ko ya san yana da hawan jini. Baba ya ce, har da ɗan alfaharinsa, "Gaya mata shekara goma sha biyu ke nan ina shan maganinsa." Ta rubuta. Ta tambayi yaushe rabonsa da sha. Ya faɗa. Ta rubuta. Ina tsaye ina gyaɗa kai. Waɗannan layuka biyu su ne suka bi mu har gida. Ba wai ina nadamar faɗar da ya yi ba ne, wanda ya ɓoye wa likita ciwonsa don kamfanin inshora ya sayar da ransa a banza. Nadamata ita ce abin da ya faɗa wa likita cikin daƙiƙa biyar, ni na kasa faɗa wa ejan.

Kwana biyu ya yi a kwance. Abin da ya fi damunsa ba allura ba ne, kaɗaici ne: da lokacin ziyara ya cika aka sallame mu, ya kwana cikin mutanen da ba ya jin yarensu. Washegari da na shiga ya ce, "Kai, ba za su bar ni in tafi ba ne? Ni fa na warke." Na ce, "Ku yi haƙuri Baba, gobe in Allah ya yarda." Aka sallame shi da doguwar takardar bayanin jinya da sabon magani, muka dawo gida a ranar da muka tsara, ina ta murna an rabu lafiya.

Ashe da sauran rina a kaba. Bayan 'yan makonni ƙanena ya kira: "Yaya, wasiƙu sun iso fa." Na asibiti daban, na motar da ta ɗauke shi daban. Da aka haɗa sun kusa Yuro 3,000. Wallahi ko gezau ban yi ba. Ina da takardar da aka rubuta 30,000 ɓaro-ɓaro a kanta, mene ne 3,000? Na tattara komai na tura wa kamfanin.

Amsarsu ba ta fi layi shida ba. Ba za su biya ba, saboda dalili biyu. Na farko shafi na 7: ba sa ɗaukar nauyin duk ciwon da mutum yake da shi kafin tafiya, ko abin da ciwon ya haifar. Suka kawo hujja da takardar sallamar da ni da kaina na tura musu. Na biyu shafi na 9: in za a kwantar da mutum, dole a kira layinsu na agaji cikin awa 24. Lambar kuwa tana shafin farko, da manyan baƙaƙe, a shafin da na buga, na kai ofishin biza, na miƙa a asibiti. Kwana biyu ina zaune a barandar asibiti ina latsa waya, ban kira ta ba.

Na rubuta musu sau uku. Na ce dokar biza ta ce jinyar gaggawa, wannan kuwa in ba gaggawa ba ce mece ce? Suka maimaita mini shafi na 7. A hankali na gane inda na ruɗe. Mai duba takardun biza yana neman adadin kuɗi ne, da kwanaki, da ƙasashe. Ko inshorar ta dace da jikin dattijo mai hawan jini, wannan ba tambayarsa ba ce, tawa ce. Shi kuma adadin 30,000 ɗin rufi ne, iyakar abin da za su iya biya in sun yarda za su biya. Ni na ɗauke shi kamar kuɗin da aka ajiye mana a banki.

Daga baya, da na zauna na karanta na kamfanoni daban-daban, abin da ya kamata in yi tun farko, na tarar akwai waɗanda ke biya in tsohon ciwo ya tashi ba zato, muddin an bayyana shi tun wajen saye kuma ciwon ya daɗe bai tashi ba. Akwai masu biyan abin da zai fitar da mutum daga haɗarin mutuwa kawai, sauran ka ji da shi. Akwai masu cire wani kaso da kai za ka fara biya kafin su sa hannu. Kusan dukkansu kuɗinsu na ƙaruwa da shekarun mutum, kuma inshorar tafiya ba ta biyan jinyar da dama dominta aka yi tafiyar. Ban sani ba ko mai tsadar za ta biya wa wanda ya tsallake magani da kansa, amma aƙalla da ina da abin riƙewa. Ƙarin da zan biya a kanta bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na yi asara ba. Wannan lissafin ne ke hana ni barci, ba kuɗin kansa ba.

Akwai kuma wanda ya fi ci mini rai. A Jamus akwai lamba 116117, ta likitocin da ke aiki da dare da ƙarshen mako don ciwon da bai kai na motar asibiti ba, kuma kantunan magani suna karɓa-karɓa, kullum akwai wanda ke buɗe. Ranar Asabar ɗin nan da mun kira, da an ga Baba an rubuta masa maganinsa. Ƙanena ya san lambar, bai taɓa buƙatarta ba ne, sai ta ɓace masa.

Mutane na yawan tambayata ko da gaske asibitin can ya kai yadda ake faɗa. Ya kai. Sai dai ba kyauta ba ne, wasu ne ke biya duk wata. Tsarin inshorar lafiyarsu tun 1883 aka kafa shi, zamanin Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, kuma yanzu wajibi ne a kan duk mazaunin ƙasar. Shi ya sa ƙanena kati kawai yake miƙawa ya wuce, bai taɓa ganin takardar kuɗin asibiti ba sai a kan Baba. Baƙo ba shi da wannan kati. Gado ɗaya, likita ɗaya, amma shi wasiƙa za ta biyo shi, kuma takardar da na sa wa hannu a daren nan alkawari ne cewa za a biya.

Asibitin sun yarda a biya kaɗan-kaɗan. Ƙanena ke turawa daga can, ni ina mayar masa, saura wata huɗu. Bana da na sake neman biza don wata tafiyar aiki, ejan ya ce, "Ta biza ce ko?" Na ce ya turo mini duka shafukan tukuna, ya yi ta mamaki wai ba a saba tambaya ba. Baba kuwa har yanzu bai san an ƙi biya ba. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ba shi labarin asibitin Jamus, ya ƙare da cewa ko sisi ba a karɓa ba, yaron nan ya yi inshora.