Gwajin yoyon jakar magani, yadda muke yi da abin da na fahimta

Ina aiki ne a masana'antar da ake haɗa magunguna daga ƙwayoyin halitta, irin su rigakafi da furotin, kuma yanzu kusan komai a jakar leda muke zubawa ba tankin ƙarfe ba kamar da. Leda ce mai hawa-hawa, tana zuwa an riga an kashe ƙwayoyin cutar cikinta da hasken gamma, yawanci kGy 25 zuwa sama (kGy shi ne ma'aunin yawan hasken da ta sha), amfani ɗaya sai a yar. To amma fa in ta ɓule ko da ido bai gani ba, bakteriya na iya shiga, maganin da aka yi makonni ana renonsa ya tafi a banza, in kuma ba a lura ba jikin mara lafiya zai je.

Gwajin da muke yi kafin mu zuba komai shi ne na faɗuwar firesha, wato matsin iskar da ke cikin jakar. Sai mu shimfiɗa jakar tsakanin farantan ƙarfe biyu, mu matse duk tiyo ɗin, mu hura iska ta filta mai ƙofofi masu faɗin maikuron 0.2 (maikuron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita) don kar garin gwaji mu gurɓata ta, a bar ta ta zauna tukun sannan mashin ya fara auna yadda iskar ke raguwa. Wannan jiran wallahi shi ne rabin aikin, saboda leda tana miƙewa a hankali bayan an hura ta, firesha sai ta sauka alhali babu huda ko ɗaya, haka nan in zafin ɗakin ya canza ko wani ya jingina da teburin sai ka ga lamba tana rawa. Wanda yake sauri zai ta yar da jaka mai kyau.

Abin da ya fi tsaya min a rai kuwa shi ne ƙarfen da kansa yana iya toshe hudar, ledar ta manne masa iska ta kasa fita, mashin ya ce lafiya lau. Shi ya sa ake sa wani ƙyalle mai ƙofofi tsakanin jaka da farantin. Mun gwada da jakunkunan da aka huda da gangan da hasken lesa, ba ƙyallen nan wasu sukan wuce, da shi kuma a kama su. Tun daga nan in mashin ya ce ta ci gwaji sai na tambaya, hudar wane girma yake iya gani? A ƙaramar jaka ana iya kaiwa wajen maikuron 10, amma babba mai lita ɗaruruwa sai hudar ta kai maikuron 100 ko fiye, kauri kamar silin gashi kenan. Gwajin da ake yi da iskar hiliyom ya fi shi ido sosai, yana kama har wajen maikuron 2, sai dai galibi a kamfanin da ya ƙera jakar ake yin sa.

Nan ne nake saɓawa da masu cewa ai an gwada tun daga can, me za a sake. Bayan can ɗin jakar ta sha hanya a kwali, wani ya farke kwalin da reza, an ja ta, an naɗe ta ba daidai ba a cikin kwandon ƙarfe, an ɗaga ta ta tiyo. Yawancin yoyon da na gani a bakin haɗin tiyo ne da wajen naɗi, ba tsakiyar ledar ba. Ko Annex 1, wato ƙa'idar Tarayyar Turai ta haɗa magani marar ƙwayar cuta da aka sabunta a 2022, ya jaddada a kula da lafiyar irin waɗannan kayan, ASTM E3244, ƙa'idar gwajin irin waɗannan kayan na amfani ɗaya, ma a kan haka yake. Mu dai yanzu ba a shiga da reza wajen buɗe kwali, babbar jaka mutum biyu ke ɗauka, kuma sabon ma'aikaci sai ya koyi shimfiɗa ta kafin a bar shi ya taɓa mashin ɗin.