Gawon da na sa wa ganye a tsakiyar damina

Duk mai son haɗa ƙaramin samfurin gona ko ƙauye a kan faifan katako, ya fara tsayar da lokacin da yake son nunawa kafin ya murɗa waya ko ɗaya. Damina ce ko rani? Wannan tambayar ce ban yi wa kaina ba, har yanzu kuma idan na tuna sai raina ya sosu.

Wata makarantar sakandare ce ta ba ni aikin don baje kolin aikin gona. Ma'aunin 1:100 ne, wato santimita ɗaya a kan katako mita ɗaya ce a fili, bishiya mai mita 15 ke nan ba za ta wuce santimita 15 ba. Gonar gero ce ta yi kore shar, ga rumbuna, ga rijiya, kuka a bakin gari, darbejiya a ƙofar gida, sai gawo jefi-jefi a cikin gona.

Ƙashin bishiya bai ba ni wuya ba. Tsohuwar wayar wuta ce, ka fere robar, ka murɗa silin tagullar, kana rabawa kana sake murɗawa har rassa su sirance. Farin gam na kafinta da garin katako su ne ɓawo. Fenti kuwa, ka fita ka dubi gindin bishiya da idonka: yawancinsu toka-toka ne, ba ruwan ƙasa ba. Ganye soson katifa ne da na markaɗe da ruwa da fenti, na shanya a inuwa, na tankaɗe da rariya. Kore kala uku na yi, mai duhu a ƙasa, mai haske a sama inda rana ke duka. A kan gawon na fi ɓata lokaci, na cika masa kai dam, ya yi fāɗi, ya yi kyau.

Ana saura kaɗan a zo ɗauka, kawuna ya zo daga ƙauye. Manomi ne, hannunsa duk kanta. Ya durƙusa ya daɗe yana kallo, ya yaba rumbunan, sannan ya nuna da ɗan yatsa ya ce, "Ɗana, wannan gawo ne?" Na ce, "Shi ne, Kawu." Ya ce, "To a wace ƙasa gawo ke ganye gero na tsaye?"

Gabana ya faɗi, domin na san abin nan tun ina yaro. Gawo yana zubar da ganye idan ruwa ya sauka, ya tsaya fayau duk damina, sai rani ya yi kore. Shi ya sa manomi ba ya sare shi: ba ya yi wa gero inuwa, ganyen da ya zubar taki ne, da rani kuma dabbobi su fake a ƙarƙashinsa su ci 'ya'yansa su bar kashi a wurin. Wanda ya bi ta gonakin Matamaye da Magariya a jihar Damagaram ya ga yadda ake ji da shi. Ke nan ainihin darasin da samfurin ya kamata ya koya wa yara shi na juya, a gaban malaman aikin gona da iyaye manoma.

Na so in kankare ganyen kawai, abin ya ƙi. Gam mai ƙarfi irin na masu gyaran takalmi na sa, da na ja soson sai ya taho da ƙananan rassan gaba ɗaya. Da farin gam ne, da ruwan ɗumi ya sassauta shi. Dole na tumɓuke gawon duka, na lalata geron da ke kewaye, na faro daga waya.

A nan na gane bishiya marar ganye ta fi mai ganye wuya nesa ba kusa ba. Soso yana rufa asirin mugun murɗi, amma tsirarar bishiya komai nata a fili yake. Silin wayar wuta ya yi wa ƙarshen reshe kauri, sai na koma silin tsohuwar wayar caja, mai laushi kamar gashi. Na yayyanka zaren igiya gajeru-gajeru na barbaɗa a kan rassan da na shafa wa gam, suka zama tsinkaye. Ƙananan rassan gawo fari-fari ne kuma a karkace suke tafiya, don haka kowane na lanƙwasa shi da ɗan hantsaki, na bi shi da farin fenti mai ɗan toka. Idona ya yi ja, wuyana ya sage, amma sabon gawon ya fi na farko kama da gaskiya.

Kukar ta tsira, domin ita da damina take ganye. Da rani na zaɓa, da ita ce za ta tsaya tsirara, 'ya'yanta na reto, gawo kuma ya sha ganye. Ba a haɗa su biyun suna kore shar a tsakiyar damina. Tunda na zauna gyara, na ƙara mata abin da Kawu ya tuna mini: tabon da ake bari a gindi idan an ɓare ɓawo don igiya, da dungun rassan da aka sassare wajen ɗiban ganyen miya. Gindinta takarda na dunƙule a kan waya kafin in shafe, don waya kaɗai ba ta ba da wannan kaurin.

Yanzu kafin in taɓa kowace bishiya sai na ɗauki hotonta a watan da samfurin zai nuna, in babu hali in tambayi manomi. Ganye kuma da farin gam kaɗai nake manna shi, ko da zai daɗe bai bushe ba.