Tsohuwar takarda da itacen girki a Sakkwato

Ba da itatuwan Sakkwato ake yin takarda ba. Mafi yawan farar takardar da muke amfani da ita a ofis da makaranta daga ƙasashen waje ake shigo da ita, domin masana'antu uku da gwamnatin tarayya ta kafa, wato ta Jebba da ta Oku Iboku da ta Iwopin, sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasar. Abin da ke cinye ƙirya da marke da geza da sabara a wajen Tangaza, Gudu, Gada da Illela wuta ce: girkin gida, gidajen burodi, masu tsire, masu shayi da masu ƙona gawayi. Don haka idan ana son tsohuwar takarda ta ceci bishiya a nan, hanya mafi kusa ita ce ta shiga murhu a madadin itace. Sai dai ba a warwatse za a cusa ta ba, don in an yi haka nan take za ta ci bal-bal ta mutu, ta bar baƙin hayaƙi. Curawa ake yi, wato a matse ta dunƙule-dunƙule a busar, shi ne curi.

Kafin a kai ga curi, a fara rage ɓarna. Fallen takarda A4 mai nauyin giram 80 yana da giram 5, rim ɗaya mai falle 500 kilo 2.5 ke nan, katan mai rim biyar kuma kilo 12.5. Ofishin da ke cin rim goma a wata, in ya koma buga gaba da baya, zai iya tsira da kusan rim biyar. Masu shagunan hoton takarda da ke kewaye da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari su ajiye kwali guda na takardun da aka buga fuska ɗaya suka lalace, a yanka su biyu a ɗinke, sun zama littafin lissafin ciniki. Haka ragowar shafukan littattafan yara a ƙarshen zango: a ciro, a haɗa, a ɗinke da zare.

Rarrabewa ita ce aikin da ba a yi wa gaggawa. Abu na farko, duk takardar da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani, ko hadisi, ko sunan Allah, a ware ta gefe. Ba ta shiga curi, ba ta zama abin ƙunshe ƙosai. A tara ta a wuri mai tsabta, a bi abin da malamai suka karantar, ko binnewa a wuri mai tsarki ko ƙonawa ita kaɗai cikin girmamawa. A garin nan kuma akwai ƙarin hattara: tsofaffin takardun gado na Larabci da ajami da ake tsinta a akwatunan kakanni ba shara ba ne, ko da sun yage. Wanda ya ga irinsu ya nuna wa malamin da ya san rubutun, ko ya kai Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a duba.

Sai waɗanda ba su da amfani ko kaɗan a wannan aiki: rasit ɗin POS mai santsi, domin sinadarin da aka shafa masa ba na shaƙa ba ne, takardar da aka manne da leda, kwalin madara da na lemo mai leda ko gwangwani a ciki, takardar kabon, da mujallu masu sheƙi da launi da yawa, waɗanda tokarsu ta fi wutarsu. Kwali mai kyau da farar takardar ofis mai tsabta, in suna da yawa, gara a sayar wa 'yan jari-bola a kilo. A masana'anta suna komawa kiret ɗin ƙwai da sabon kwali da takardar goge hannu, kuma zaren takarda yana jure sake sarrafawa sau biyar zuwa bakwai kafin ya gajarce ya daina kamawa. Wanda zai tara don sayarwa ya ɗaure su dami-dami, ya ɗora a kan bulo nesa da bango. Gara ba ta jira, ruwan damina kuma in ya taɓa dami sai ya yi fumfuna farashinsa ya faɗi. Abin da ya rage, wato tsohuwar jarida, takardun jarrabawa, yagaggen kwali da kiret ɗin ƙwai da ya karye, shi ne kayan curi.

A yayyaga takardar ƙanana, faɗin yatsa biyu, a cire ƙusoshin ɗinki da salatif. A zuba a rabin duro ko babban baho, a sa ruwa ya sha kanta. Ruwan ɗauraya na wanki ya isa, ba sai an taɓa na sha ba. Jarida da kiret ɗin ƙwai suna laushi cikin kwana 2 zuwa 3, takardar ofis da kwali sukan kai kwana 5 zuwa 7. A riƙa motsawa kullum da sanda. In ta wuce mako a cikin zafin bazara za ta fara wari, kuma sauro zai samu wurin haihuwa, don haka a rufe bakin duron. Da ta yi laushi sai a tsame a kirɓa a turmi, wanda ba na abinci ba, har rubutun ya ɓace, ta koma kamar ƙullun ƙosai mai kauri. Nan ne mafi yawan masu farawa ke yin sakaci. Takardar da ba ta kirɓu ba zarenta bai warware ba, kuma zaren nan shi ne ke riƙe curin, babu wani danƙo da ake ƙarawa.

Takarda zalla tana curuwa, amma ba ta daɗewa a wuta. Shi ya sa ake haɗa ta da garin katako daga wajen masu yankan katako. Awon da ya fi sauƙin riƙewa shi ne kwano ɗaya na kirɓaɓɓiyar takarda da aka matse, kwano biyu na garin katako. Wanda ke kusa da masu sayar da gawayi ya karɓi garin da ke taruwa a gindin buhu, ya yi kwano ɗaya takarda, ɗaya garin katako, ɗaya garin gawayi. A ganina wannan haɗin ya fi kowanne, don ya fi zafi ya kuma fi ƙarancin hayaƙi. Buntun shinkafa yana nan birjik a injinan casa, musamman ta wajen Wurno da Goronyo, amma kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na haɗin: ba ya kama jikinsa, kuma tokarsa tana da yawa har ta toshe murhu. Garin katakon da aka yi wa fenti ko na filawud kuwa a bar shi, hayaƙin gam da fenti cuta ne.

Gwaji kafin matsawa: a damƙi cikin hannu a matse, a riƙe dunƙulen da yatsa biyu a girgiza. In ya tsaya, haɗin ya yi. In ya rabe, a ƙara takarda. In ruwa bai fito ta tsakanin yatsu ba, ya bushe da yawa, a yayyafa ruwa.

Abin matsawa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Bututun roba mai faɗin inci 4, tsawon inci 12, a huda jikinsa da ƙananan ramuka tazarar inci ɗaya don ruwa ya fita. A tsayar da siririn bututu mai inci 1 a tsakiya, shi zai bar rami a cikin curin. A zuba haɗin, a ɗora faifan katako mai rami a tsakiya, a danna. Da jak ɗin mota a cikin firam ɗin da mai walda ya haɗa an fi samun matsi, amma doguwar sanda da aka maƙale kanta a gindin bango ma tana yi. A riƙe matsin kamar rabin minti har ɗigon ruwa ya tsaya, sannan a turo curin waje. Kaurinsa kada ya wuce santimita 5 zuwa 6. Ramin tsakiyar nan kada a raina shi: ta nan iska ke shiga wajen bushewa, ta nan kuma harshen wuta ke bi. Ruwan da ya tsiyaye a tare shi a mayar duro.

Shanya tana da nata sharaɗi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, curin da aka kai rana kai tsaye bayansa ke ƙafewa ya tsage alhali cikinsa da danshi. A bar shi yini ɗaya a inuwa, sannan a fitar da shi kan ragar waya ko karan dawa, ba a ƙasa ba, ana juyawa kullum. Da rani kwana 4 zuwa 6 sun isa, iskar hunturu ma tana busarwa sosai. Da damina yakan haura mako biyu, wani lokaci ya yi fumfuna kafin ya bushe, don haka a yi na damina tun kafin watan Yuni a adana a buhu a kan bulo. Don a tabbatar, a fasa ɗaya a taɓa tsakiyarsa. In da sanyi-sanyi, da saura.

Yawancin ƙorafin da ake yi a kan curi daga danshi ne ko rashin iska. Farin hayaƙi mai yawa da wuta mai mutuwa, bai bushe ba. Ya ci da sauri ya zama toka, ba a matse shi sosai ba, ko takarda ta yi yawa. Ya marmashe a buhu, garin katako ko buntu ya rinjayi takarda. Murhun da ya dace da shi shi ne mai raga a ƙasa, irin na gawayi, inda toka za ta riƙa zuba. A murhun duwatsu uku sai a ɗora shi a kan ƙirare biyu don iska ta bi ta ƙarƙashi. A kunna da kara ko ƙirare, a jera curi uku ko huɗu, a bari hayaƙin farko ya wuce kafin a ɗora tukunya, a riƙa kaɗe toka lokaci-lokaci.

Curi bai kai gawayin ƙirya zafi ba. Ya fi dacewa da dahuwar wake, ruwan zafi, shayi da ɗumame. Babbar tukunyar tuwon biki kuwa sai an haɗa da itace, amma itacen zai ragu. Ba a gasa tsire ko masara a kansa kai tsaye saboda tawada, kuma dalilin nan ne ya sa ƙunshe ƙosai da masa mai zafi a jarida ba shi da kyau, mai yana narkar da tawadar ta shiga abinci. Da sanyin hunturu kada a shigar da shi ɗaki a rufe ƙofa don jin ɗumi, iskar da ke kashe mutane daga gawayi a rufaffen ɗaki shi ma yana fitar da ita. In an gama girki da sauran curi a murhu, a rufe shi da toka ko yashi. Ruwa wargaza shi yake yi.