Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Majemar Fas

A makon jiya na tsaya a inda ni da Baffana da wasu 'yan'uwa daga zawiyarmu ta Agege a Legas muka tashi daga filin jirgin saman Murtala Muhammed da ke Ikeja, muka sauka Kasabalanka a ƙasar Maroko. Daga can jirgin ƙasa muka hau, tafiyar kusan awa huɗu, muna ratsa gonaki da itatuwan zaitun har muka isa Fas. Ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a birnin a 1815, ita ce ta kai mu, kuma ita ke da kashin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Yau labarin abin da ban je dominsa ba zan bayar.

Ta ƙofar Bab Bu Julud muka shiga tsohon birni, ƙofar da aka gina a 1913, fuskarta ta waje shuɗiya, ta ciki kuwa koriya. Da zarar an wuce ta mota ta ƙare, kuma ga mutumin da kunnensa ya saba da hon ɗin danfo, motocin hayar Legas, tun daga asuba, wannan kaɗai abin mamaki ne. Jakuna da alfadarai ne ke dakon komai, har tukwanen gas, mai kora yana ihun "balak, balak", kamar yadda 'yan dakon kasuwar Mile 12 ke cewa "hanya, hanya". Lungunan sun tuna mini da cikin birnin Kano, sai dai bangayen nan sun fi tsawo, a wasu wuraren ma rana ba ta taɓa ƙasa.

Mutanen Fas ba sa ƙawata bayan gida, duk adon yana ciki. Sau biyu muna wuce masallacin Ƙarawiyyin ba mu sani ba, saboda shaguna sun rufe shi ta kowane gefe, alhali wuri ne da Faɗimatu al-Fihriyya ta kafa tun 859 da gadon mahaifinta, ɗan kasuwa daga Ƙairawan. Haka ma makarantar Bu Inaniyya, wadda Sarki Abu Inan ya gina a shekarun 1350. Daga waje ƙofa ce kawai, amma a tsakar gidanta na durƙusa na ɗora yatsa a kan adon bango, sai na tarar ƙananan gutsattsarin tangaran ne da aka sassaƙe da hannu ɗaya bayan ɗaya, wani bai kai farcen babban yatsa ba, an jera su ba inda allura za ta shiga. Sama da su rubutun Larabci ne da aka sassaƙa a jikin farar ƙasa, sama da shi kuma katako wanda tsufa ya mayar da shi launin goro busasshe.

A rana ta uku, muna dawowa daga sallar azahar, Baffa ya tsaya cak ya ɗaga hanci, ya ce akwai majema kusa. Bai tambayi kowa ba, wari muka bi har wani shago, mai shagon ya hau da mu bene ya miƙa wa kowa ganyen na'ana'a don toshe hanci. Baffa ya mayar da nasa, ya dube ni ya ce, "Kai ma ajiye, ɗana. Da wannan warin kakanka ya aurar da mu duka."

A ƙasa majemar Shuwara ce, ramuka birjik kamar karofin Ƙofar Mata. Na gefe ɗaya farare ne saboda ruwan farar ƙasa da kashin tattabara, waɗanda ke zubar da gashi su tausasa fata, sauran kuma rini ne, ja da ruwan ƙasa da baƙi. Maza suna ciki har cinya suna tattaka fatu da ƙafa, an kuma shanya masu ruwan ɗorawa a kan rufin gidaje. Baffa ya riƙa nuna mini kowane mataki yana faɗin yadda kakana ke yin sa a Kano: toka a nan, bagaruwa a can, karan dafi idan ana son ja. Shi ne ya tuna mini cewa a da fatar jar akuyar Sakkwato ayari ke tsallakawa da ita Sahara zuwa kasuwannin arewacin Afirka, Turawa su saya daga can su kira ta fatar Maroko.

Ni kuma sana'ata, kamar yadda masu bin wannan labari suka sani, sayen fatar shanu ce a mayankar Oko-Oba, ina sayar wa masu babbaka ta su yi ganda. Halal ce, da ita na yi aure, da ita ma na biya kuɗin jirgin. Duk da haka sai da na ji kunya a kan benen nan, domin dubban fatu sun bi ta hannuna zuwa tukunyar miya, ban taɓa jeme ko da buzu ɗaya ba, ni jikan majemi. Ban ce komai ba, Baffa ma bai ce ba.

Da muka sauko, ya ɗauki wata fatar akuya ya ninke ta huɗu, ya warware ya duba ko ta tsage, ya shinshina, sannan ya ce jimar ta yi, amma ta Sakkwato ta fi ta laushi. Mai shagon bai ji Hausa ba, sai murmushi yake yi yana ƙara kuɗi. Bayan dogon ciniki da yatsu da ɗan Larabcin zaure, na saye ta tare da takalman balga, wato silifas ɗin fata na Maroko, guda biyu masu ruwan ɗorawa. Takalman sun mutu a damina ɗaya cikin taɓon Agege. Fatar kuwa Baffa ya karɓe ta, a kanta yake ɗora Alƙur'aninsa har yau.