A Ɗaga Motar Tukuna

Abin da aikin gareji ya koya mini game da tsohuwar mota shi ne, mai ita kan zo da kuɗin wili, alhali ciwon yana can ƙasa inda ido bai kai ba. Saurayi zai kawo Golf 3 ko tsohuwar Corolla, ya ce tana lilo a kwana, a sa masa wili mai inci 17. Maigidanmu ba ya musu da kowa. Iyaka ya ce, "Alhaji, bari a ɗaga ta tukuna."

In an ɗaga, kusan kullum labarin ɗaya ne: bushin (robar da ke tsakanin ƙarafan ƙafar mota) ya tsattsage, bol-join (gaɓar da ƙafar ke juyawa a kai) yana wasa, shokozoba (mai shanye girgizar hanya) ta zubar da mai. Dole roba ta gaji, ga zafin Kano da kan haura digiri 40 a Afrilu, ga ƙura, ga ramukan da damina ke bari. Motar da ƙafarta ta saki, sabon wili ƙara tona mata asiri yake yi, don babban wili da taya mai siririn gefe yake tafiya, ita kuwa ba ta shanye dukan ramuka. Shokozoba kuma biyu ake canzawa, hagu da dama, ko mai mota ya ɓata rai.

Sai ƙafa ta tsaya ake maganar wili, nan ma lissafi ne. Corolla mai taya 195/65 R15 za ta ɗauki 205/55 R16 lafiya lau, wato daga wili mai inci 15 zuwa mai 16: tsayin tayar kusan ɗaya ne, agogon gudu ba zai yi ƙarya ba, sitiyari kuma ya ƙara jin magana. A ganina ƙarin inci ɗaya ya isa. Fiye da haka, rami guda kan lanƙwasa bakin wilin, iska ta riƙa zurarewa, mutum ya zama ɗan gida wajen mai faci.

Inda aka fi yin asara shi ne ramukan noti. Galibin Golf 3 huɗu ne a da'irar milimita 100, Peugeot 406 ma huɗu ne, amma a 108. Ido ba ya rabewa. Shi ya sa in za mu kasuwar Ƙofar Ruwa, da tsohon wilin muke tafiya a gwada. Duk wanda ya ce a ɗan buɗa ramin zai shiga, ba shi zai hau titin Zariya da iyalinsa a ciki ba.

Tayar Beljiyam kuwa, kyan zane ba hujja ba ne. Akwai lambobi huɗu a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In ta haura shekara shida, ni ba na ɗaurawa.

Masu yanke sifirin don mota ta kwanta, ba ma yi musu aiki. Kan tudun rage gudu na farko cikin motar zai daki ƙasa, shokozobar da aka saya jiya ta mutu.

Ƙarshen aiki alaimen da balansin, wato saita tsayuwar tayoyi da daidaita nauyinsu, sannan mai motar ya ja ta da kansa ya zaga shatale-tale. Da yawa daga nan suke fasa sayen wilin, su ce a bar musu na kamfani.