Asabar: gidan Rijiyar Zaki ya samu 'yan haya

Alhamdulillahi, yau gidan marigayi Yaya ya samu masu shiga. Tun da mutanen baya suka tashi ƙofar take garƙame, har ana neman shekara biyu. Da kuɗin hayar nan ake biya wa marayunsa makaranta, shi ya sa abin ya tsaya min a rai.

Da hantsi dillali ya kira ni: "Alhaji, na samo maka mutum, amma fa sai ka sassauta." Na riga su zuwa don in buɗe tagogi gidan ya sha iska. Abin da na tarar bai min daɗi ba. Gara ta cinye ƙofar ɗakin tsakiya daga ƙasa, kana taɓa katakon sai ya zube kamar gari. Silin ɗin falo ya yi baƙi inda kwano ya yi yoyo da damina, ciyawa ta keto siminti a tsakar gida, kan famfon banɗaki kuma an kwance an yi gaba da shi. Gidan da ba kowa ya fi saurin lalacewa a kan wanda yara ke tsalle a ciki.

Ba masu nema ne babu ba. Suna zuwa, su ji babu ruwan famfo sai na 'yan ga-ruwa, su ji akwai tsohon bashin wuta, sannan a ce su kawo kuɗin shekara a dunƙule, ga la'adar dillali kashi 10 a kai, sai su ce za su yi shawara. Shi ke nan. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa, mai sana'a a Kantin Kwari ko Sabon Gari kuɗin adaidaita sahu yake fara lissafawa kafin na haya. Wasu ɗaliban Jami'ar Bayero sun so su haɗa kuɗi su kama, tunda sabon mazauninta na nan kusa a titin Gwarzo, amma maƙwabta suka nuna sun fi son mai iyali.

Na yau malamin firamare ne, ya zo da matarsa da mahaifiyarsa. Matar kicin ta wuce kai tsaye, ta tambayi nawa ake sayar da jarkar ruwa a layin. Tsohuwar kuwa alƙibla ta fara tambaya. Da muka fito waje, malamin ya ce, "Alhaji, ba zan ɓoye maka ba, na wata shida ne a hannuna. Sauran sai na bi albashi."

Dillali ya ɗaure fuska, don la'adarsa ce za ta ragu. Ni kam maganar ta kwanta min. Mutumin da ya faɗi iyakar ƙarfinsa tun a bakin ƙofa ya fi min wanda zai cika baki, wata uku ya daina ɗaukar waya. Duk da haka dukiyar marayu ce, ba tawa ba, sai na kira mahaifiyarsu. Ta ce, "In dai ka natsu da su, a ba su. Zaman gidan haka ba ya ƙara mana komai."

Muka tsaya a kan zai gyara kwano da ƙofar a cire daga kuɗin hayar, ni kuma in biya bashin wutar in nemi mita mai kati don kada rigimar ta sake tasowa. Gobe bayan la'asar za mu je wurin mai unguwa da shaidu biyu a rubuta yarjejeniya, kafinta kuma zai shiga aiki ranar Litinin.