Asabar ɗin wankin kayan gado

Asabar, da daddare.

Yau dai kayan gado na fito da su gaba ɗaya, zanen gado, rigunan filo, rigar bargo, har da shi kansa ƙaton bargon nan mai ciko da ake ce wa dubet. Tun da sassafe na fara saboda in samu rana, don shi wankin bargo in aka kai azahar ba a shanya ba to an yi asarar yinin.

Zanen gado da rigar filo ba su da wata matsala, su duk sati nake wankewa, in hidima ta yi yawa ya kai sati biyu, shi ma ba lokacin zafi ba. Yaya ta shigo ta ga tulin wanki ta ce ke dai kina son wahalar da kanki, mutumin da sai ya yi wanka yake kwanciya me zai ɓata a zani cikin sati ɗaya? Na ce Yaya ai ba dattin da ido ke gani ake wankewa ba. Awa bakwai ko takwas mutum yana kwance wuri ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin uku na rayuwarsa kenan, ga zufa ga maiƙon jiki ga man da aka shafa ga yawun barci ga amosanin kai, ga kuma matacciyar fata da take zuba mutum bai ma sani ba. Ita fatar nan ita ce abincin wasu mitsi-mitsin ƙwari da ke zama cikin ƙura, girmansu ko rabin milimita bai kai ba, ido ba ya ganinsu, ba sa cizo kamar kuɗin cizo, amma kashinsu ne ke sa wasu tashi da atishawa da toshewar hanci, mai asma kuwa ya fi kowa shan wuya. Ɗumi suke so da laima, to ina ya fi filo da katifa? Ta ce kai ƙazanta, bar zancen nan haka, amma fa ba ta tafi ba, kujera ta jawo ta zauna.

Ruwan sanyi da omo yana fitar da datti lafiya lau, amma in kashe ƙwarin ake so sai ruwan ya kai digiri 60, kuma zanen auduga yana ɗauka ba abin da zai same shi. Ni ba duk wanki nake yin na zafin ba, sai in wani ya yi mura ko zazzaɓi ya yi ta zufa a kai, ko ƙaiƙayin fata. Tabon jini ne kawai ba a kai masa ruwan zafi, dafa shi yake ya zauna daram, da na sanyi ake farawa.

Shi bargon kuma sai da na nemo ɗan ƙyallen nan da ke liƙe a gefensa wanda yawancinmu yanke shi muke don yana damunmu. Hoton baho da lamba a ciki shi ne iyakar zafin ruwan da zai ɗauka, baho da hannu wankin hannu kenan, in an ja masa giciye kar ma ya ga ruwa, da'ira kuma sai an kai wa masu wankin da ba na ruwa ba. Nawa 40 aka rubuta, cikon kuma na roba ne irin foliyesta, shi ya fi sauƙin sha'ani. Mai gashin agwagwa ya fi tsirfa, sabulu mara ƙarfi yake so, kuma ba a zuba masa ruwan nan mai sa kaya laushi don manne gashin yake ya daina tashi. Na ulu kuwa ya ji ruwan zafi tsukewa zai yi ya koma na yara.

Injin wankina ƙarami ne, kuma bargo in sai an danna shi da ƙarfi zai shiga to ba wanki zai yi ba, jiƙewa kawai zai yi ya fito tsakiyarsa a bushe, ga inji ya yi ta jijjiga. Sai na duba ɗinkin ko akwai inda ya ɓarke, na zuba shi a babban baho da omo ɗan kaɗan, na bari ya jiƙu, na wanke ƙafata na shiga ina takawa. Kalar ruwan da ya fito kam sai da Yaya ta yi salati. Ɗauraya ce ta cinye lokacin, zuba ruwa taka zubar, zuba ruwa taka zubar, har sai da kumfa ta daina fitowa, don sabulun da ya maƙale a ciko shi ke sa bargo tauri da ƙaiƙayi. Ba a murɗa shi kuma, dannawa ake ruwan ya tsiyaye, in an murɗa cikon ya tattare gefe ɗaya.

Amma ni a wurina duk wannan wasa ne, shanyar ita ce aikin. Jiƙaƙƙen bargo nauyinsa kamar buhun siminti, mu biyu muka ɗaga, muka shimfiɗa shi kan igiya biyu don iska ta bi ta ƙasa, don in an ninka shi kan igiya ɗaya cikin ba ya shan iska. Bini-bini ina fita in juya in kakkaɓe in warware inda ya dunƙule da yatsu. Masu injin busarwa ƙwallon tanis biyu ko uku suke jefawa ciki ya dinga bugunsa, da zafi kaɗan. Wayon bargo shi ne sama ta bushe ƙayau ka ɗauka an gama, alhali can ciki da sauran danshi, ka ninke ka ajiye, kwana kaɗan sai wari da funfuna, wanda ya fi dattin da aka wanke illa.

Shi ya sa nake ganin bargo ba abin wanki kullum ba ne. In yana da riga, rigar ake cirewa a wanke tare da zanen gado, shi kuma sau biyu ko uku a shekara ya ishe shi, tsakani a dinga fito da shi yana shan rana. Yawan wanki kashe cikon yake ya kwanta ya daina tashi. In kuwa ba riga kai tsaye jiki ke taɓa shi, dole ya fi haka yawan ganin ruwa, gara a nema masa rigar a huta. Filo ma wata uku zuwa shida, banda na soso, shi inji yagalgala shi yake, sai dai a goge tabon a shanya.

Da magariba na matsa kusurwoyin na ji da ɗan sanyi-sanyi, sai na shigo da shi na baza kan kujeru ƙarƙashin fanka. Gobe in rana ta fito zai koma igiya, in haɗa da filalla, in kuma samu mai kama min mu juya katifar.